Tayar kwalta ko tayar daji? Amsoshin tambayoyinku kan sayen taya

Assalamu alaikum. Tun da damina ta kankama tambayoyin da ke shigowa kusan duk kan taya suke, don haka na ware wannan makon gare su.

Tambaya ta farko daga wani Alhaji ce a Gusau. Ya ce: "Ina da Hilux. Litinin zuwa Juma'a a cikin gari nake, ranar Asabar ina zuwa gona, kilomita 20 na ƙarshe burji ne da kwazazzabo. Mai taya ya nuna mini iri biyu, ɗaya an rubuta All Season, ɗaya A/T, ta biyun ta fi tsada. Wacce zan ɗauka?"

Alhaji, bari mu fara da sunayen, domin a nan ake rikita mutane. All Season na nufin tayar kowane yanayi, amma yanayin da ake nufi na Amurka da Turai ne, inda ake da bazara ake kuma da hunturu mai ƙanƙara. An yi ta ne don mai mota ya huta da canjin taya sau biyu a shekara. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, saboda haka a wurinmu tayar kwalta ce kawai. A kan manyan motoci irin taka za ka ga an rubuta mata H/T. Gashinta ƙanana ne a matse, da layuka huɗu ko biyar da suka zagaye ta don fitar da ruwa. Roba mai yawa ce ke taɓa titi, shi ya sa ba ta da ƙara, birki yana kama ta da wuri, kuma ba ta jan mai.

A/T ita ce ta kowace irin hanya, wadda direbobi ke kira tayar daji. Gashinta manya ne kuma a warware, zurfinsu yakan kai milimita 10 zuwa 13 a sabuwa, inda ta ƙaramar mota take kusan 8. Kafaɗarta na da haƙora da suka gangaro gefe, kuma gefen nata ya fi kauri. A kan burji da tsakuwa da marmara nan take nuna amfaninta: tana cizon ƙasa, dutse mai kaifi ba ya yanka gefenta da sauƙi, ƙayar aduwa ma sai ta yi da gaske kafin ta ratsa. Amma komai da farashinsa. Ta fi nauyi, don haka za ka ji a aljihunka duk lokacin da ka shiga gidan mai. Tana gunji a kan kwalta, kuma gunjin yana ƙaruwa yayin da take cinyewa. Abin da ya fi damuna shi ne a jiƙaƙƙen titi yawancinsu sun fi tayar kwalta jan nisa kafin mota ta tsaya, musamman ga Hilux da babu kaya a baya, wadda bayanta ba shi da nauyin da zai danne tayoyin.

Ga mutumin da ke shiga burji duk mako, damina da rani, A/T na ba ka shawara. Sai dai su ma A/T hawa-hawa ne. Akwai masu sauƙin gashi da suka fi karkata ga kwalta, irin su Yokohama Geolandar A/T ko Dunlop Grandtrek AT, akwai kuma masu tsauri irin su BFGoodrich All-Terrain da aka yi wa mai kwana a daji. Kai kwana biyar kake a gari, mai sauƙin ta ishe ka. Ka tsaya a kan lambar da motar ta zo da ita. In 265/65 R17 112 ce, ma'anarta faɗin milimita 265, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim inci 17, kuma 112 ɗin na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 1,120. Kada ka karɓi wadda lambar nauyinta ta yi ƙasa da ta asali, tunda buhunan masara za ka ɗoro.

Wani matashi daga Kano ya ce yana son sa wa Corolla ɗinsa tayar daji "don ta yi kyau ta kuma ɗaga".

Kada ka yi. Mota ce mai jan gaba, cikinta a ƙasa yake, kuma hanyar da za ta buƙaci tayar daji kafin tayar ta taimake ka kaskon man injin ya riga ya daki dutse. Za ka ƙara shan mai, ka rage wa birkinka ƙarfi a ruwan sama, tayar kuma ta riƙa gogar jiki in ka karya sitiyari. Sayi 195/65 R15 ko 205/55 R16, duk wadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, ragowar kuɗin ka yi alaimen da shi.

Wata Hajiya daga Zariya ta rubuto cikin damuwa. Ta ce ita ke kai yara Kaduna duk ƙarshen wata, tayoyinta suna da gashi sosai amma ta ga ƙananan tsage-tsage a gefe, mai faci ya ce babu komai, ita kuma hankalinta ya ƙi kwanciya.

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika duba, da yawa ba sa ko sunkuyawa. Hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma abin da za ki yi ba shi da wuya. Ki duba gefen tayar kusa da rim, za ki ga haruffan DOT sai jerin lambobi. Huɗun ƙarshe, waɗanda galibi suke cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai, su ne ranar haihuwar tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kika ga 3519, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2019. In ba ki gani ba a waje, yana ta ciki, ki sa a leƙa miki da fitilar waya. Ki duba duka huɗun har da safaya, domin ba lallai ne shekarunsu su zo ɗaya ba.

Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsagewa, kuma manne da ke riƙe wayoyin ƙarfen ciki da robar waje ya yi rauni. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC tana ƙirga shekara huɗu daga ranar da aka yi taya. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin suna cewa in ta kai shekara biyar a riƙa kai wa masani ya duba duk shekara, in ta kai goma a cire ko da ba a taɓa hawanta ba. A zafin ƙasarmu, ga mai ɗaukar yara a babbar hanya, taya mai tsagewa da ta wuce shekara biyar ta gama aiki. In kuɗin huɗu bai samu ba yanzu, ki sayi biyu sababbi, ki sa su a baya, mafi kyawun tsofaffin su koma gaba zuwa wata mai zuwa. Na san mai faci zai ce gaba ake sawa. In tayar gaba ta zame za ki ji a hannunki ki rage gudu, in ta baya ce ta zame motar juyawa take yi, kuma ko ƙwararren direba da wuya ya dawo da ita. Kafin nan ki rage gudu, ki kuma guji tafiyar tsakar rana. Allah ya tsare ki da yaran.

Sai wanda ya ce ya samu 'yan Kwatano guda huɗu a rabin kuɗin sabuwa, "gashinsu kamar ba a taɓa hawa ba, da tambarin dutse da tauraro a gefe", yana tambaya ko wannan tambarin na nufin tayar daji ce.

Malam, wannan tambarin dutse ne mai ƙololuwa uku da hoton dusar ƙanƙara a ciki, kuma yana nufin an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara. Wasu A/T da wasu All Season suna ɗauke da shi, gaskiya ne. Amma in ka ga tambarin, ga kuma gashin cike da sirara-siraran yanka masu lanƙwasa kamar an tsaga da reza, ko an rubuta Winter ko Ice ko Snow a jiki, to tayar hunturu ce zalla. An haɗa robarta don ta kasance da laushi idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Ka ɗauko ta ka ɗora a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda iska kanta ta haura digiri 40, titin kuwa ya fi haka nesa. Robar za ta yi laushi fiye da kima, motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya ja nisa, gashin da ya ruɗe ka kuma ya cinye cikin 'yan watanni.

Zan tsaya a nan in yi magana, domin wannan shi ne abin da ya fi cin raina a duk harkar taya. Mutum zai sayi mota ta miliyoyi, ya sa mata fitilu da lasifika da baƙin gilashi, in aka zo kan abin da ke tsakaninsa da kwalta sai ya fara neman araha. Gaba ɗayan abin da motarka ke taka ƙasa da shi wuri huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba sosai. Birkinka da sitiyarinka duk ta nan suke aiki. Tayar gwanjo kuwa ba ka san tarihinta ba. Ba ka san ko an taɓa tafiya da ita babu iska har cikinta ya ƙone ba, ba ka san ramin da ta daka ba, ba ka san shekarun da ta yi a jibge a rana ba. Wanda ya cire ta a can yana da dalilinsa. Shigo da tsofaffin tayoyin mota yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta, amma ga su nan a kowace kasuwa an wanke an shafa musu baƙin mai suna ƙyalli.

Sabuwar ma ba a saye ido rufe. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, yawancin tayoyin motocin da muke hawa ta ruwa suke zuwa. Akwai masu shigo da kaya da ke cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a haɗe, don kwantena ta ci da yawa, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irin waɗannan. Cusawar tana lanƙwasa zoben wayar da ke kama bakin rim, tana kuma karya zaren ciki. A ido sabuwa ce fil, amma ta riga ta nakasa. Akwai masu goge lambar shekara su buga wata. Akwai masu ɗaukar wuƙa mai zafi su sake yanka gashi a kan tayar da ta sude, har su kusa taɓo wayar ciki.

To, in ka je saye, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko wani shago a garinku, kada ka bari a ɗaura kafin ka duba da hannunka. Ka warware ledar. Ka karanta lambar shekara: makon da ya wuce 53 ƙarya ne, lamba uku maimakon huɗu na nufin an yi ta kafin shekarar 2000, kuma in wurin lambar ya fi sauran jiki santsi ko ya lotsa kamar an goga, ajiye ta. Ka tsayar da tayar a ƙasa ka duba ko bakinta biyu a buɗe suke daidai ko ɗaya ya shige ciki. Ka zura hannu ka shafa cikinta gaba ɗaya, kana neman faci, ko ƙulli, ko garin baƙar roba, wanda ke nuna an taɓa murza ta ba iska. Ka nemi 'yan tudun nan da ke cikin ramin gashi, inda aka sa alamar TWI ko ɗan kusurwa a kafaɗa. Tsayinsu milimita 1.6 ne, kuma in babu su kwata-kwata akwai yiwuwar an sake yanka gashin. A tayoyin ƙananan motoci da yawa za ka ga an rubuta Temperature da harafin A, B ko C. Juriyar zafi ke nan. A ta fi, B za a iya haƙuri da ita, C ba ta hanyarmu ba ce. Sannan ka karɓi rasiti mai ɗauke da sunan tayar da lambarta. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan binciken. Wanda ya fara cewa "Alhaji kana ɓata mana lokaci", ka ƙara gaba. Sabuwar taya mai matsakaicin suna da aka yi bana ta fi babban suna da ya shekara takwas. Kai kuma mai tambaya, ka mayar da huɗun nan in za su karɓa.

Wani manomin shinkafa daga Haɗeja ya ce ya sa A/T sababbi amma ya kafe a fadama har sai da tarakta ta ja shi, yana ganin an cuce shi.

Ba a cuce ka ba. Laka mai danƙo, irin ta fadama ko baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Marte, tana cika ramukan gashin A/T cikin juyi biyu ko uku, tayar ta koma sulɓi kamar tulu. Wadda aka yi wa wannan ita ce M/T, tayar laka, mai gashi kamar na tarakta da ke watsar da taɓo yayin da take juyawa. Amma a kan kwalta ƙararta ta fi, ta fi saurin cinyewa, kuma ta fi kowacce rauni a birkin ruwan sama. In motar ta gona ce kawai, sa M/T. In da ita kake zuwa Kano, zauna da A/T ɗinka, ka shigar da giyar ƙafa huɗu tun kafin ka shiga lakar, ka tafi da gudu ɗaya ba tsayawa, in kuma ta fara juyawa a wuri ɗaya ka ɗaga ƙafa, domin ƙara wuta rami kawai yake haƙa maka. Da ka fito kan busasshiyar kwalta ka cire giyar, mota irin Hilux ba a barin ta a ciki a kan titi mai kamu.

Daga Damagaram wani ɗan'uwa da ke bin hanyoyin rairayi ta arewacin Tanut da Land Cruiser ya tambayi wacce ta fi a yashi.

A rairayi iska ta fi gashi muhimmanci. Ana so tayar ta shimfiɗu ta yi iyo a sama, kuma manyan gashi haƙa suke yi, shi ya sa M/T ba ta da daɗi a can. A/T mai sauƙin gashi ta fi dacewa, saboda gefenta na jure ƙaya da dutsen da ke ɓoye. Ka rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a gejin masu faci, ka yi tafiya a hankali, kada ka karya sitiyari da ƙarfi don kada bakin tayar ya saki rim. Sharaɗin shi ne ka riƙe famfon iska mai aiki da batirin mota, da geji naka na kanka. Da zarar ka hau hanya mai tauri ka mayar da iskar. Gudu a kwalta da iska 18 yana dafa tayar daga ciki, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa ko ka cika ta daga baya.

Mai Prado da ke son sa A/T biyu a baya, H/T biyu a gaba: a'a. Motarka ƙafa huɗun suna ja koyaushe, kuma bambancin tsayin taya yana sa giyar tsakiya aiki ba hutu. Kamun gaba da na baya kuma zai bambanta a ruwa. Huɗu iri ɗaya, lamba ɗaya, ka kuma riƙa juya musu wuri duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, domin A/T da ba a juyawa gashinta yakan ci a karkace ta fara kuka.

Wani kuma yana tambaya ko zai iya tashi daga 265/65 R17 zuwa 285/70 R17. Tsayin ta farko milimita 776 ne, ta biyu 831, ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari. Malejinka zai nuna 100 alhali kana kan 107, motar za ta yi nauyin tashi, kuma akwai yiwuwar ta riƙa gogar jiki in an loda kaya. In dole sai ka ƙara, 265/70 R17 mai tsayin 803 ta fi sauƙin illa, ita ma a gwada karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama kafin ka biya.

Ta ƙarshe daga direban Sharon ce mai jigilar Kano zuwa Katsina. Ya ce tayarsa ta baya ta fashe sau biyu cikin wata uku, alhali yana rage iska da rana "don kada zafi ya fasa ta".

Ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba, amma wannan ragewar tana cikin abin da ke fasa ta. Taya mai ƙarancin iska gefenta lanƙwashewa yake yi a kowane juyi, lanƙwasawar ce ke haifar da zafin da ke raba roba da waya. Iskar da ta ƙaru da 3 ko 4 bayan doguwar tafiya ba matsala ba ce, an yi lissafinta tun a masana'anta, kada ka sace ta. Ka auna da safe kafin ka fita tasha, ka bi lambar cikakken lodi da ke kan takardar jikin ƙofa ko murfin tanki. Lambar Max da ke gefen taya iyaka ce, ba ita ake cikawa ba. Sannan ka duba lambar nauyi. Mota irin taka tana buƙatar mai alamar XL ko Reinforced. In 91 aka sa maka, kilo 615 take ɗauka, 95 kuwa 690, bambancin kilo 300 ke nan a taya huɗu, nauyin buhun masara uku. Masu Hiace su nemi mai harafin C a ƙarshen lamba, kamar 195 R15C. Faci kuma a kan shimfiɗar gashi kaɗai ake yi, in hujin bai wuce milimita 6 ba. Wadda ta huje a gefe ko ta fito da ƙulli, a cire ta daga motar, kada a ajiye ta ko a matsayin safaya.